Ɗakin da Safina Ta Gina da Jar Ƙasa

Duk wanda ya san Zongon Lomé ya san gidan Alhaji Issifou mai sayar da tayoyi, kuma ya san 'yarsa Safina, wadda 'yan unguwa suka raɗa wa Dokta tun tana shekarar farko a jami'a. Sunan ya kama ta tsaf, digirin ne ya ƙi zuwa. Yanzu ta doshi arba'in, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, har yau tana kan binciken da zai halatta mata sunan.

Tun tana ƙarama fitinanniya ce wajen tambaya. Idan tulu ya fashe, sauran yara gudu suke yi kada a dake su, ita kuwa sai ta tsuguna tana duban bakin tsagar, wai tana son ta ga inda ta faro. Ta sha duka a kan wannan, bai hana ta ba. Da ta gama sakandare ƙawayenta suka watsu, wasu babbar kasuwa wajen atamfa, wasu Accra, wasu gidan miji. Ita ta zaɓi ilimin fiziks, ɓangaren da ke nazarin ƙarfin kayan gini. Ta yi aure a tsakani, auren ya mutu ba tare da hayaniya ba, ta kwaso littattafanta ta dawo gidan ubanta.

Rayuwarta ba ta da wani armashi. Da safe ta hau zem, babur ɗin haya, ta tafi jami'a ta koyar da ɗalibai da suka fi ƙarfin ajin. Da rana ta shiga ɗakin gwaji, inda injin matse bulo ke aiki ranar da ya ga dama. Da yamma ta wuce unguwar Kégué ta yi wa 'ya'yan masu hali darasi, don da wannan take cike giɓin albashi. Kafin ta iso gida ƙafafunta sun kumbura, abincin ma a tsaye take ci.

Abin da take bincike a kai ba ya da wuyar fahimta. Ɗakunan bulon siminti da rufin kwano da suka cika Zongo, da rana tanderu ne, ga simintin kullum tashi yake yi. Safina ta yi shekaru tana cuɗa jar ƙasa da tokar ɓuntun shinkafa da ɗan siminti kaɗan, tana matsewa, tana jiƙawa, tana fasawa, har ta samu haɗin da ya yi ƙarfi kuma ba ya riƙe zafi. Su uku ne a aikin. Akwai malamin tattalin arziki da ke nazarin ko adashin matan kasuwa zai iya ɗaukar nauyin irin wannan gini, akwai kuma malamar nazarin zaman jama'a da ke bi gida-gida tana tambayar wa ke yanke shawara idan za a yi gini. Wata ƙungiya ta waje ce ta ba su tallafi, da sharaɗi guda: a gina ɗaki na gaske, a bar shi tsirara ba filasta ba fenti, ruwan damina ya dake shi shekara biyu, ana auna abin da ya zaizaye. Idan ya tsaya, Safina ta kare digirinta, a kuma sabunta tallafin. Idan ba haka ba, shi ke nan, don farfesan da ke duba aikinta yana dab da ritaya, kuma babu wani da ya damu da jar ƙasa a sashen.

Fili a Lomé ba abin wasa ba ne, saboda haka a tsakar gidan ubanta ta gina ɗakin, kusa da ƙofar shiga. Alhaji Issifou ya yarda ne kawai don ba ya iya ce wa Safina a'a. Amma tun da aka ɗora bulon farko bai taɓa tsayawa ya dubi ginin ba. In zai wuce masallaci sai ya kawar da kai.

Yana da dalilinsa. Yana saurayi aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, aka kwaso su zuwa nan bayan gari. Abin da ya tsaya masa a rai har tsufa shi ne maganar masu kallo, da suke cewa ai ba a yi asarar komai ba, ƙasa ce da ruɓaɓɓen kwano. Ya yi shekaru yana mirgina tayoyi kafin ya tayar da gidan nan da bulon siminti, ɗaki bayan ɗaki. Sai ga 'yarsa mai ilimin boko ta dawo masa da ginin ƙasa har bakin ƙofa, abokansa na majalisa suna tambayarsa cikin tausayi ko kasuwa ce ta ja baya.

A Lomé damina biyu ake yi a shekara. Haka ɗakin ya sha ƙaramar damina da babba, ya sake shan wata ƙaramar, bai ko gezau ba. Duk wata Safina na bin bangon da ma'auninta, mata suna leƙe suna dariya. Saura babbar damina guda ta ƙarshe. A lokacin ne aka sa ranar auren ƙaninta Zulkifli da wata 'yar manyan 'yan kasuwa daga unguwar Hanoukopé. A Zongo kuwa ba a kawo amarya gidan da bai sha gyara ba. Ko mutum zai ci bashin duniya, sai ya shafa wa bango fenti kafin surukai su taka ƙofarsa.

Safina ta san da wannan. Za ta tafi taron masu bincike a garin Kara, sai ta samu ubanta a kan tabarmarsa, ta durƙusa.

"Baba, don Allah, in masu fenti sun zo, kada a taɓa mini ɗakin nan. Ko ruwa kada a watsa masa."

"To, Dokta," in ji shi, yana jan carbi. "Allah ya kai ki lafiya."

Ta ɗauki wannan "to" a matsayin alkawari. Ya kamata a ce ta fi kowa sanin ubanta.

Ranar da ta dawo, mai zem ya sauke ta a ƙofar gida, ta tsaya da jaka a hannu tana neman ɗakinta. Yana nan inda ta bar shi, sai dai ya sha filasta sumul, an bi shi da fenti ruwan ganye irin na sauran gidan, har da farin layi a gindi. Zulkifli ne ya fara hango ta, ya taho yana sosa ƙeya.

"Grande sœur, yayata, wallahi na faɗa masa. Na ce c'est pas possible, ba zai yiwu ba, aikinki ne na makaranta. Ya ce in rufe masa baki."

Safina ta ajiye jakarta. Ta je bayan ɗakin, ta samu dutse ta ɓantari filastar, tana fatan ko za a iya kankarewa. Sai ta ga ba dama. Maginin ya san aikinsa: kafin ya yaɓa siminti sai da ya sassare fuskar kowane bulo da guduma don filasta ta kama. Fuskar da ta yi wata da watanni tana aunawa babu ita.

Alhaji ya fito da fara'arsa, irin wadda ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba.

"Kin ga yadda ya fito? Siminti mafi tsada na sa aka sawo, ban yarda a yi miki ha'inci ba. Ina zan bar surukai su shigo su ga 'yata, Dokta guda, ta gaza gama ɗakinta? Aikin naki yana nan ciki, ba wanda ya ɗauke shi. Sutura kawai na yi masa."

Safina ta dube shi. Ta so ta yi ihu, ta so ta zauna a ƙasa ta yi kuka, amma gajiyar da ke jikinta ta fi fushin yawa. Ga tsoho yana jiran a gode masa, kuma da zuciya ɗaya ya yi.

"Allah ya saka da alheri, Baba," ta ce.

Washegari ta faɗa wa abokan aikinta. Malamin tattalin arziki ya dafe kai. Malamar nazarin zaman jama'a ta ce ta shiga gidaje da yawa a Zongo da tambayoyinta, amma bai taɓa zo mata a rai ta shiga gidan su Safina ba. Farfesa ya ce zai rubuta wa masu tallafi ya roƙi ƙarin lokaci, da muryar wanda ya riga ya san amsar. Safina ta fita ta tafi aji, don ɗalibai na jira.

Ranar kawo amarya rana ta buɗe sosai, gida ya cika maƙil, kowa na fifita da abin da ya samu. Da ɗakuna suka kasa, sai aka shimfiɗa wa gwaggwannin amarya tabarmi a sabon ɗakin. Safina ce ke kai musu abinci. Ta shigo da tire ke nan ta ji babbar cikinsu, Hajiya Oumou, tana ƙwala wa Alhaji kira daga bakin ƙofa.

"Alhaji, wannan ɗaki naka fa? Ko fanka babu, amma tun da muka zauna ba wadda ta yi gumi. Nawa na Hanoukopé da rana ba ya shiguwa. Me ka sa masa?"

Alhaji Issifou ya gyara tsayuwa, ya shafa bangon da tafin hannunsa.

"Siminti ne mai kyau, Hajiya. In kina so in haɗa ki da maginin."

"Haɗa ni da shi, don Allah."

Safina ta ajiye tiren a hankali, ta tambaye su ko a ƙaro miya.