Sunan Inna da Na Ce Ba Mai Sata

Shekara shida ke nan da Ubangiji ya karɓi ɗana Yohanna. Ciwon sikila ne, wanda muka yi ta lallaɓawa tun yana goye. Saura wata biyu ya gama karatun kwamfuta a Samaru ya tafi. Ni ba gwanar rubutu ba ce, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma bana ina da maganar da zan faɗa masa, kuma ba ni da inda zan kai ta sai nan.

Yaji nake dakawa a gidanmu na Jushi, yadda mahaifiyata ta koya mini, sunanta kuma na sa masa: Yajin Inna Tabawa. Ɗalibai ne suka fi saye. In sun gama karatu sun watse Legas da Jos, sai su riƙa aiko direbobi. Ganin haka, wata rana Yohanna ya ja ni kafe, wato shagon intanet, a Samaru, ya nuna mini sunan Inna a gilashin kwamfuta. Ashe adireshi ya saya mana a intanet.

Mu matan zumunta, kowace kan rubuta sunanta da jan farce a gindin kwanonta, don in an tashi biki a coci kwano ya san hanyar gida. Na ɗauka wannan ma haka yake: an rubuta, magana ta ƙare.

Ya yi dariya ya ce, "A'a Mama, wannan rumfar haya ce, duk shekara sai an sabunta. Kuma ba za ta hana wani buga sunan a ledarsa ba. Sai mun yi wa sunan rajistar alamar kasuwanci."

Na ce, "Kai Yohanna, wa zai saci sunan barkono? Kuɗin lauyan nan, gara maganinka."

Bai ja ba. Shi ba ya ja da ni.

Bayan rasuwarsa ƙanwarsa Rifkatu ta riƙe adireshin, ba ta taɓa barinsa ya mutu ba. Sai da daminar nan Mama Nkechi mai takalma, tsohuwar mai sayen yajina, ta tare ni a kasuwar Sabon Gari: "Maman Yohanna, hannunki ya tsufa ne? Wannan ai garin masara ne da kala!" Ta miƙo mini leda. Ga sunan Inna, har adireshinmu an buga a ƙasa, amma ba dakana ba ne.

Wani lauya a cocinmu ya gaya mini gaskiya. Ba kowane adireshi ne ke bukatar rajista ba, sai wanda da sunansa mutane ke sayen kaya. Namu irin wannan ne. Kuma in mai jabun ya riga mu yi, yana iya cewa ni ce zan daina kiran yajina da sunan uwata. Wasu matan zumunta suka ce in bar wa Allah. Rifkatu ta ce sana'armu ba ta kai nan ba. Mako guda ina juya maganar. Na tuna zanen aro ba ya rufe katara: adireshin haya ba zai kare sunan Inna ba. Sai na ce a yi rajistar.

Da Yohanna zai leƙo yau, da ya ga kafe a Muchia da Dogarawa, ya ga waya a hannun mai kayan miya. Na san zai yi murna. Zai ce "ai na faɗa miki"? Ko kusa. Kujera zai jawo mini kawai, kamar yadda yake yi sa'ad da nake koyon rubuta sunana, yana riƙe mini gefen takarda.

A ofis, akawun lauya ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Na ce, "Ɗana, ba ni biro." Na rubuta sunana, Saratu, a hankali, harafi bayan harafi.

Takardar rajistar ba ta fito ba tukuna, sun ce sai an yi haƙuri. Wanda ya yi jinyar sikila shekara ashirin da huɗu ba a koya masa jira. Abin da ka bari, Yohanna, ba kwamfuta ba ne, shawara ce da ta jira ni har na iso. Na rubuta suna a gindin kwanon Inna. Zai dawo gida.