Hutun da Aka Yi wa Kwamfutar Baba Fomatin

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, cikin dogon hutun shekarar da na gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare. An sauko daga masallaci, hadari ya taso ta gabas har ya rufe duwatsun Kazaure, Umma tana ta kwashe shanya, ni kuma ina bayan gida ina zuba wa raguna ɗanyar ciyawa. Sai na ji Baba ya kira ni daga ɗakin zaure da cikakken sunana, Muhammadu Nazifi, sunan da ba ya kira sai an yi laifi. Na same shi zaune gaban kwamfuta, gilashinsa ya zame zuwa karan hanci, yana ta danna linzamin kwamfutar. Duk foldar da ya buɗe sai ta nuna masa fanko, takardun ofis da ya yi makonni yana bugawa babu ko ɗaya. Bai juyo ya dube ni ba ya ce, "Wasan nan naku ya kashe min inji. Gobe Sunusi zai zo ya wanke ta tas."

Kwamfutar tsohuwa ce ta tebur, Baba ya saye ta hannu saboda aikinsa na sakatariyar Roni, inda yake zuwa kullum a kan babur. Idan aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta farka. Wasan da yake magana a kai kuwa yayana Mustapha ne ya saka shi kafin ya tafi bautar ƙasa can kudu. Wasan tuƙin manyan motoci ne da ake yi ta intanet: ka ɗauki kaya daga wani gari ka kai wani, kuna tafe a jere da wasu direbobin da ke zaune a nasu gidajen, kuna rubuta wa juna magana a gefen allo. Na ga wahalar da Yaya ya sha kafin ya sauke shi. Ɗan modem ɗinmu ba ya kama sabis sai an ɗaure shi a jikin ƙarfen taga da robar tayar keke, kuma ko an ɗaure sai bayan sallar asuba yake ɗan sauri. Wajen wata guda muka yi muna kallon koren layin nan yana rarrafe, a ɗauke wuta ya tsaya, data ta ƙare ya tsaya, har Umma ta riƙa cewa ko rijiya muke haƙa da allura ya ci a ce mun tarar da ruwa.

Yaya Mustapha ba mai magana ba ne. A waya, daga "ya gida, ya karatu" sai ya ce in miƙa wa Umma. Amma duk Asabar bayan la'asar, idan akwai wuta, sai mu haɗu a cikin wasan, shi a laftof ɗinsa a ƙauyen da aka tura shi koyarwa, ni a zauren gidanmu na Unguwar Gabas. Motarsa a gaba, tawa a baya, mu yi ta tafiya a kan titunan ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. A nan ne yake ba ni labarin abincin da ya kasa ci, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da yaran ajinsa da suke dariyar yadda yake furta sunayensu. A nan ne ni ma na faɗa masa abubuwan da ban faɗa wa kowa ba a gida. Na fara da 'yar ƙaramar motar kai kaya cikin gari, na yi ta tarawa har na mallaki tirela, na yi mata fenti kore da ja irin na motocin da ke lodin shanu a Babura. Duk wannan Baba yake cewa a wanke.

Na san cuta ce ta kama kwamfutar, kuma ba wasan ne ya kawo ta ba. Filashin Baba, ɗan abin da yake kwafar takardu a ciki, yana zagaya kwamfutocin ofis da shagunan buga takardu kamar ludayin aro, kowa ya tsoma. Sai dai a gidanmu yaro ba ya gyara wa babba zance. Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri, na fita. Umma ma da na kai mata kuka cewa ta yi, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka," ta miƙo min ƙwaryar dawa in kai niƙa. Da magariba ta ara min wayarta na kira Yaya. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, abin da na iya tsinta kawai shi ne in kwafe foldar wasan gaba ɗaya in ajiye a wani wuri, idan an gama a mayar, ba sai an sake saukewa ba. Ina cikin tambayarsa ko akwai wani abu kuma, layin ya mutu.

Washegari sai da muka je gona a hanyar Gwiwa muka yi maimai har rana ta take, sannan muka dawo muka tarar da Malam Sunusi yana jira a ƙofar gida. Mai gyaran kwamfuta ne da ke da shago a unguwar Kanti, siriri, mai saurin magana, kullum da jakar faya-fayai a kafaɗa. Bai daɗe ba ya fito wa da Baba takardunsa, ashe cutar ɓoye su ta yi, ba cinyewa ba. Na yi tsammanin maganar ta ƙare, amma ya ce cutar ta riga ta shiga jinin injin, dole sai an yi fomatin, wato a goge komai a ɗora sabuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na tattaro ƙarfin hali na tambaye shi ko wasan ne ya jawo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba zai iya rantsuwa a kan ta inda ta shigo ba. Da na roƙe shi ya tsallake foldata, sai ya yi dariya. "Kwamfutar nan ɗaki ɗaya gare ta, yaro. Da biyu ne da mun tura kayanka ɗayan mun share wannan. Yanzu kuwa sai dai ka fitar da su waje." Babban ma'ajinsa na hannu ya ce ba zai soka shi a jikin inji mai ciwo ba. Abin da ya iya yi min shi ne ya ara min wani tsohon filashi da bai fi ɗan yatsa ba, ya kuma lallashi Baba aka ɗaga aikin zuwa yammacin Lahadi.

Foldar wasan ta ninka cikin filashin sau da yawa. Mutum ɗaya na sani mai kwamfuta a layinmu, Anti Balkisu, ma'aikaciyar jinya da ke gida na uku daga namu. Ta saurare ni tana ɗaure ɗankwali, ta ce laftof ɗinta ba ya fita daga ɗakinta, kuma duk abin da na kawo sai maganin cutar da ke ciki ya bincike shi tukuna. Haka na fara jigila. In cika filashi a zaurenmu, in jira layin ya kai ƙarshe, in zare, in ruga cikin taɓo zuwa gidanta, in yi sallama, in jira a ba ni izini, in jira binciken, in juye, in dawo. Ina riƙe sunan fayil na ƙarshe da na kwafa a baki kamar karatun allo don kada in tsallake wani. Ana cikin kwafar wani babba aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai da na faro shi daga tushe. Abokaina suka zo da ƙwallo suka yi ta fito a waje har suka gaji. Umma ta aike ni sayen kalwa, ta aike ni ɗebo ruwa, ta tuna min ragunan ba su sha ba. A Islamiyya malam ya tashe ni biya hadda na tsaya ina kallonsa, domin ba abin da ke kaina sai koren layi. Ranar Lahadi da hantsi Anti ta kulle ɗakinta ta tafi aiki ba tare da ta tuna da ni ba, na zauna a dakalin ƙofarsu da filashi a hannu, ba ta dawo ba sai bayan azahar. Baba ya wuce ni zai tafi masallaci, ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Na so in ce ai ba ni na sa ranar tafiyar ba, na haɗiye.

Na gama juye na ƙarshe ana kiran la'asar, Malam Sunusi na faka babur ɗinsa. Na tsaya a bayansa ina kallo ya zura faifai, allon ya koma shuɗi, ya danna wani abu sau biyu ba tare da ya karanta ba. Shi ke nan. Abin da muka yi wata guda muna saukewa ya tafi kafin ya gama shan ruwan da Umma ta aiko masa. Ban damu sosai ba, domin na san kayana suna can gida na uku. Kwanakin da suka biyo baya na sake jigilar a juye, daga ɗakin Anti zuwa zaurenmu, sai dai yanzu sai Baba ya fita aiki, kuma sai Anti ta dawo daga nata, lokutan biyu kuwa da ƙyar suke haɗuwa. Ta fara gajiya da sallamata, har ƙanwarta takan ce "ga ɗan filashi nan" tun kafin in buɗe baki.

Ranar da komai ya koma, na ɗaure modem a taga, na sauke 'yar ƙaramar manhajar da ke buɗe wasan, na nuna mata inda foldar take kamar yadda Malam Sunusi ya kwatanta min. Ta yi ta bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ni kuma ina zaune hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Da ta kai ƙarshe ba ta nemi a sake sauke komai ba. Kiɗan buɗe wasan ya tashi, hoton titi da fitilun mota ya cika allon. Har na miƙe tsaye. Sai wani ɗan akwati fari ya fito a tsakiya yana neman suna da kalmar sirri.

Ban taɓa ganin akwatin nan ba. Tun ranar farko Yaya ya shigar da su ya sa kwamfutar ta riƙe, kullum dannawa kawai nake yi in tsinci kaina a cikin motata. Sunan na sani, kalmar ce ban sani ba. Na gwada sunan Umma, na gwada sunan garinmu, na gwada lambar babur ɗin Baba, har wasan ya ce in dakata na wani lokaci. Na kira Yaya. Ya faɗo guda uku, duk ba su yi ba. Ya ce in danna wajen da ake cewa an manta, na danna, aka ce an tura lambobi zuwa wani layin waya, aka nuna ƙarshensa. Ya ce wannan tsohon layinsa ne, wanda ya tafi tare da wayar da aka zare masa a tasha ranar da zai tafi sansanin masu bautar ƙasa, bai kuma koma ta kansa ba. Motar, da fentin, da duk tafiyar da na yi, ashe ba a cikin foldar suke ba, suna can wajen masu wasan a bayan wannan kalma. Ni titunan kawai na yi ta ɗauka a ka ina kaiwa ina dawowa. "Buɗe sabo mana, Nazifi," in ji Yaya, "ai ba wani abu ba ne." Wannan maganar ta fi fomatin ɗin yi min ciwo. Na mayar wa Umma wayarta, na tafi bayan gida na zauna wajen raguna, don a can ne ba mai tambayata abin da ya sami idona.

Na buɗe sabon, ba yadda zan yi. Aka mayar da ni kan 'yar ƙaramar motar cikin gari, manyan hanyoyin duk a rufe sai na sake cancanta. Yaya ya sauko ya raka ni kai kaya sau ɗaya ko biyu, amma tafiyar gajera ce, kafin hira ta yi daɗi an iso. Ya taɓa faɗa min cewa tsohon sunana yana nan a jerin abokansa, ya dushe, an rubuta a gefensa cewa ba na nan. Daga nan aka koma makaranta, Baba ya kafa dokar ba mai taɓa kwamfuta sai ƙarshen mako, shi kuma Yaya jarrabawar ɗalibansa ta sha kansa. Kafin in sake haɗa tirela ya gama bautar ƙasa, ya sami aiki a Kaduna, ya daina wasan gaba ɗaya.

Yanzu ina zaune a Dutse, a gidan da intanet ba ya buƙatar a ɗaure shi a taga. Kwanan baya ɗana ya goge wani wasa daga laftof ɗina don ya sami wurin wani, da ya canza shawara ya sake sauke shi kafin a gama cin abincin rana, ya shiga ya tarar da komai nasa yana jiransa. Ko a jikinsa. Ni da Yaya Mustapha muna gaisawa duk Juma'a, ya tambayi iyali, in tambayi nasa, mu yi wa juna addu'a, mu ajiye. Mun fi da sauƙin samun juna nesa ba kusa ba, amma ban ƙara jin ya yi min doguwar hira irin ta wancan lokaci ba. Wani mutumin sai kuna tafe yake iya magana.