Littafin da Kaka Ya Zaɓa a Ƙasa

Makon jiya ina kakkaɓe saman kabad sai wani ɗan littafi ya faɗo, ya buɗe da kansa a tsakar ɗaki. Warin tsohuwar takarda da ta sha damina ya bugi hancina. Ban ma sunkuya ba na san shafin da ya buɗe, domin tun ina 'yar firamare a nan yake buɗewa.

Bari in ba ka labarin yadda ya shigo gidanmu. A unguwar Adjamé Saint-Michel muka tashi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, inda za ka ji Hausa da Julanci da Faransanci a bakin mutum guda. Autanmu an haife shi da amosanin jini, wato sikila. Da zarar ruwan sama ya kankama, sanyi ya shiga, sai yaron ya dunƙule yana kukan ƙashi, hannuwansa su kumbura. Matan gidan ba sa ɓoye abin da ke ransu. A bakin famfo na sha jin ana cewa irin waɗannan yara ba sa girma. Inna takan yi kamar ba ta ji ba, amma ni na san ta ji, kuma tsoro ya zauna mini a ciki.

Likita yakan yi bayani da Faransanci mai gudu, Inna ta gyaɗa kai don kunya, ta dawo gida ba ta riƙe komai ba. Sai wata maƙwabciya ta ba ta labarin wani littafi mai bango ja, wai duk sirrin warkar da cutar yana ciki. Inna ta matsa a nemo shi. Ni ce mai karatun boko a ɗakinmu, don haka aka haɗa ni da Kaka, mahaifin Inna, mu je wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da tashar mota.

Kaka ɗan kasuwa ne, atamfa yake sayarwa a kasuwar Treichville tun zuwansa daga Nijar yana saurayi. Yana karanta Larabci da ajami, amma Faransancinsa na ciniki ne kawai. Amaryarsa yake kirana, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai jan haƙori don goro. A hanya ya ce mini wurin littafi ba a zuwa haka kawai, sai mutum ya riƙo tambayarsa. Tamu guda ce, wato yadda za mu yi yaron nan ya rayu.

Littattafai ne shimfiɗe a kan leda, an danne su da duwatsu, ƙaramar motar hayar da ake kira gbaka na wucewa tana watsa musu ruwan kwata. Mai sayarwa ya zaro mana uku. Na farko shi ne mai jan bangon nan, sabo fil, yana ƙyalli. Na biyu wani ƙato ne na ɗaliban likita, wanda na karanta layi biyu a ciki na ji harshena ya ɗaure. Kaka ya ce in ajiye shi, ba don mu aka rubuta ba. Na uku kuwa ɗan siriri ne, bangonsa ya yage, an liƙe shi da salatif. Ni dai idona yana kan jan, kuma raina ya fara ɓaci da jan lokacin da tsohon nan yake yi.

Ya ɗauki siririn, ya tsayar da shi a kan gadon bayansa a tafin hannu, ya saki. Littafin ya buɗe a tsakiya. Ya ce nan ne mai shi na farko ya fi komawa, in karanta masa. Shafin yana maganar abubuwa ne na yau da kullum. A yawaita ba yaro ruwa ko bai ce yana jin ƙishi ba, a kiyaye shi da sanyi da dukan ruwan sama, kuma in zazzaɓi ya kama shi kada a jira, a tafi asibiti nan take. Ya yi wa jan haka, amma shi bai buɗe ko'ina ba, ya tsaya ƙiƙam.

Sai ya ce, "Amarya, tambaye su duka biyun. Ana warkewa?"

Na duba. Jan ya ce ana warkewa sarai, cikin ɗan lokaci, in an bi abin da ya tsara. Siririn ya ce har zuwa lokacin da aka rubuta shi ba a da maganin da zai raba mutum da cutar, kuma akwai abubuwa da yawa da masana ba su gano ba tukuna, amma in an kula, yaro zai iya girma ya yi rayuwarsa. Na fassara masa wannan, ko da yake ba shi nake son ji ba.

Kaka ya ce, "Wannan za mu ɗauka. Ni ma a rumfa, in na ce wa mace kowace atamfa tawa ba ta zuba, to ta gudu. Wanda ya iya cewa bai sani ba, in ya ce ya sani sai in yarda da shi."

Inna ta yi fushi da ta ga abin da muka kawo. Ba za ta iya yi wa mahaifinta faɗa ba, sai ta sauke a kaina, wai an aike ni neman magani na dawo da tsumma. Kwana da kwanaki littafin yana kan taga ba ta kalle shi ba. Amma Kaka kullum in ya dawo kasuwa sai ya zauna a tabarma ya sa in karanta shafi guda da ƙarfi, in mayar da shi Hausa, shi kuma yana yi mini gyaran Hausar yana dariya. Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Sannu a hankali na lura auta ba ya rabuwa da gorar ruwa, kuma an ɗinka masa rigar sanyi.

Wata safiya cikin damina auta ya tashi jikinsa kamar garwashi. Matan gida suka taru, wannan ta kawo man shafawa, waccan ta ce a jiƙa saiwa a ga yadda zai wuni. Inna ta dube ni ta ce, "Buɗe mini wurin nan." Na saki littafin ya buɗe, amma kafin in kai ƙarshen layin ta riga ta goya yaron, ta lulluɓe shi da leda da zane, ta fita cikin ruwan. A asibiti aka kwantar da shi, aka ƙara masa jini. Likitar ta ce da an bari har yamma da labarin ya sha bamban. Tun daga ranar littafin ya koma ƙarƙashin matashin Inna, ita da ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba.

Yanzu 'yata a waya take zaɓen littafi, tana duba taurarin da aka ba shi da abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Ban raina wannan ba, shi ma neman inda wasu suka fi komawa ne. Abin da nake ƙara mata kawai shi ne ta tafi da tambayarta, kuma ta nemo wurin da marubucin ya ce bai sani ba. Kaka ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Rumfarsa ta Treichville tana nan, autanmu ne a ciki. Ranar Lahadi na hau jirgin ruwa na haye tafkin da ke tsakaninmu, na kai masa littafin ya gani. Yana juya shi yana murmushi, gorar ruwa a gefensa, ni kuwa gemunsa nake kallo. Furfura ce ta fara fito masa.