Mai Facin Tashar Ƙaura

A tashar Ƙaura Namoda, Saude tana jiran motar Zurmi, idonta na kan wani mai faci, dattijo mai baƙaƙen yatsu. Sholishon liƙe taya a wuya yake rataye da shi kamar laya.

Wani matashi ya matso, wai a sayar masa kaɗan, kekensa ya yi faci. Kowa ya san shaƙa zai yi.

"Kawo keken, ɗana, in liƙe maka kyauta," in ji dattijon. "Ƙwaƙwalwarka ɗanya ce, ita kuwa ba a yi mata faci."

Sai ya juya yana goge yawu a bakin wani ƙato da ke gefensa yana dariya shi kaɗai. Saude ta kasa ɗauke ido: hancinsu iri ɗaya ne.