Na Cika Motar Mambila, Aka Tafi Aka Bar Ni

Shekarun baya, ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, aka yi mini wani zalunci a ƙofar gidanmu, a gaban mutanen unguwa, kuma har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Lokacin ina aji uku a sakandare. Yanzu ina dab da gamawa, amma ban manta ba.

Mahaifina yana da ɗan ofishin tafiye-tafiye kusa da Ƙofar Wambai: biza, tikitin jirgi, Hajji da Umara. Sana'a ce mai lokaci. Daga azumi zuwa tashin alhazai ba ma ganin Baba sai a hoton da ke bango. Amma da zarar jirgin ƙarshe ya sauke alhazai, ofishin nan sai ya mutu murus, har gizo-gizo na hamma a ciki. A shekarar kuwa dawowar alhazai ta faɗo tsakiyar bazara, irin zafin da ruwan randa ke isa a haɗa shayi da shi.

Sai Baba ya zo da dabara. Wani abokinsa da ya taɓa aiki a tsaunin Mambila ya ba shi labarin sanyi da ciyawa da shanu da rashin hayaniya. Baba ya yi hayar bas mai kujera goma sha takwas, ya sa aka rubuta a allo: kwana goma har da hanya, wuri mai sanyi, shiru.

Ina ofishin ranar da wani Alhaji ɗan kasuwa ya tsaya ya karanta allon.

"Alhaji, me ake sarowa a can?"

"Ba saro ba ne," in ji Baba. "Hutu ne."

"Akwai wani malami da ake ziyarta?"

"Babu."

"Biki? Ta'aziyya?"

"Babu. Shiru ne kawai, Alhaji."

"Wato in sha hanyar kwana biyu, in je in saurari shiru, in dawo. To, Allah ya ba da kasuwa."

Mako biyu allon na tsaye, kujera biyu ce kawai da masu ita: ta Baba da ta abokin da ya kawo maganar.

Rannan muna cin abinci na ce, "Baba, ba ku iya talla ba ne." Umma ta harare ni harara mai kashe kaza. Na ce in aka bar ni zan cika motar, amma kujera ɗaya tawa ce. Baba ya yi dariya har da tari. "Uwata, in kin cika ta, ta bakin taga ma taki ce." A gaban Umma ya faɗa. Ku riƙe wannan, akwai shaida.

Abin da na gani Baba bai gani ba shi ne, yana tallar hutu ga mutanen da suka dawo daga Makka jiya-jiya. Ya manta da waɗanda suka zauna a gida suna tuƙa tuwo ga 'yan barka da sauka, safe da yamma, mako uku babu fashi. Su kuwa Baba ba ya iya wuce zaurensu. Ni ina wucewa.

Na bi gidaje daga layinmu har Mandawari. In na shiga na gaisa, sai in kalli tulin tukwane in yi ajiyar zuciya. "Hajiya, kin san akwai garin da yanzu haka ake rufa da bargo biyu? Gajimare har ɗaki yake shigowa, sai an kore shi da tsintsiya. Babu tukunya, babu baƙo, babu mai kiran Mama daga bayan ƙofar wanka."

Wata ta ajiye muciya ta ce, "Ke, 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

"Wallahi, Hajiya, sai dai batun tsintsiyar ne na ƙara."

"To tsaraba fa? Ba zan dawo wa mutane hannu biyu ba."

"Ganyen shayi daga gonarsa. Zuma. Piya kamar kan jariri."

Cikin kwana biyar mazan da suka yi wa Baba dariya suka fara zuwa ofis ɗaya bayan ɗaya, kowa fuska a ɗaure. Alhajin saro ma ya dawo ya ce, "Wannan shirun naka, a ba ni na mutum biyu." Mota ta cika, saura kujerata.

Gida ɗaya kawai na tsallake: na Gwaggo, yayar kakana, a Gwammaja. Gaishe da Gwaggo aiki ne na yini guda. Sai ta duba kitsonki, ta duba farcenki, ta sa ki karanto izu ɗaya, sannan ta tambaye ki 'yar gidan wa ce. Umma ta ce, "Kin je wa Gwaggo?" Na ce, "Umma, matar da ko tsakar gida sai da sanda?" Ta ce, "Ba don ta je ake gaya mata ba. Don ta ce a'a ake gaya mata." Na ce gobe. Goben nan har yau tana hanya.

Ranar tafiya, bayan asuba, na fito da rigar sanyin yayana da safa biyu, ina zufa kamar an tsamo ni daga rijiya. Duk ƙawayena sun san zan hau tsauni. Ana cikin ɗaure kaya sai ga tasi ta tsaya. Sanda ta fara fitowa, sai buta, sai darduma, sai Gwaggo. Ba ta kalli kowa ba. Ta hau bas ɗin nan da ƙafar da take cewa ba ta aiki, ta zauna a bakin taga, a kujerata.

Baba ya durƙusa yana gaisuwa. Ta ce, "A gidan suna na ji. A bakin bare. Ashe na rasu ba a gaya mini ba."

"Gwaggo, hanyar kwana biyu ce, ga hawa, ga sanyi..."

"Da an zo an gaya mini, da na ce ba zan iya ba. Tunda ba a zo ba, zan iya."

Na ce, "Gwaggo, kujerata ce fa."

Ta dube ni daga safa har ɗankwali. "'Yar gidan wa ce wannan mai kama da ƙunshin goro?"

Matan da na ceto daga tukunya suka kwashe da dariya. Su! Ba wadda ta tsaya mini. Na juya wajen Baba, na same shi yana duba taya kamar shi ya ƙera ta.

"Baba, alƙawari fa!"

Ya rage murya. "Uwata, so kike in sauke yayar ubana a gaban unguwa?"

Na ce to in zauna a kan jaka a tsakiya. Direba ya ce sam, ba ya hawa tsauni da lodi. A garin nan da ake cusa mutum huɗu a wurin uku, a ranar Allah ya haɗa ni da direba mai bin doka. Ana ta cewa an dawo mulkin farar hula, kowa na da 'yancin magana. Na yi maganata, har da kuka, ba ta hana mota tashi ba.

Kuma ba a nan aka tsaya ba. Maƙwabta uku da suka tafi, a wajen Umma suka bar yaransu. Ni na sayar musu da shiru, aka bar mini hayaniyar da wanke-wanke.

Da suka dawo kowa na sheƙi. Na tambayi Gwaggo abin da ta gani ta tagar. Ta ce ai da zane ta rufe ta saboda iska, kuma tun da suka isa ba ta fita daga bargo ba. "Wurin banza. Ba gidan da za ki shiga ki yi gaisuwa." Shekarar da ta biyo baya, Baba ya kai mota biyu, sai tafiyar ta faɗo kan jarrabawarmu. Har yau tsaunin Mambila a bakin mutane nake ganinsa.

Na yarda da laifina, ɗan kaɗan. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba zuwa Gwammaja na ƙi yi, na rasa ta kwana goma. Na gane a garin nan babba bai damu da kujera ba, abin da yake so a zo a durƙusa a gaya masa, ya samu damar cewa ku je kawai. Amma fushina yana nan daram, kuma na samo masa amfani. Yanzu ko kitso zan je sai na biya ta Gwammaja na durƙusa. "Gwaggo, za ni kitso, ko za ki?" Jiya ta jefe ni da takalmi ta ce na dame ta. Jibi za ni asibitin haƙori, kuma wallahi sai na gayyace ta.