Tuffar Malam Isyaku Mai Wankin Hula

A ranar Asabar, biyu ga watan Maris na 1996, Malam Isyaku mai wankin hula ya fara haɗuwa da maƙwabcinsa Malam Abdulbaqi, kuma da faɗa suka fara. Isyaku ya shanya hulunan mutane a saman soronsa da ke Jakara, sai ga tantabaru sun sauko sun yi musu kashi. Ya zagaya gidan da ke jingine da nasa yana huci, ya tarar da sabon maƙwabci, tela, ko gama sauke kaya daga amalanke bai yi ba. Abdulbaqi ya ba shi haƙuri, ya bi shi ya taya shi sake wankin. Bayan magariba kowa ya fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida suka haɗa. Daga ranar suka fara ciyayya, ba sa fasawa sai in ɗayansu ya yi tafiya ko yana kwance.

A gidan nan aka haifi Isyaku, kuma a hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Ya iya aiki. In ya wanke hula ya sa mata sitaci ya buge ta, sai ka ɗauka yanzu aka sauke ta daga hannun maɗinki. Matsalarsa ɗaya, ba ya yarda da mutum. In aka gaishe shi da fara'a sai ya yi ta tunanin abin da ake nema a wurinsa. Matarsa Turai takan ce ko ruwan sama aka yi sai Malam ya tambayi wanda ya turo shi. A duk unguwar, Abdulbaqi kaɗai ne yake cin abinci da shi ba tare da ya leƙa kwanon sau biyu ba.

A shekarar 2019 wani direba mai suna Nazeer, wanda yake kawo masa wanki, ya zo masa da tsaraba daga Jos: dashen tuffa a cikin rabin jarka.

"Me ka gani a wurina da za ka ba ni wannan?" in ji Isyaku.

"Haba Baba, kyauta ce kawai."

Ya karɓa yana kallonsa ta gefen ido. Duk wanda ya ji sai ya ce tuffa ba ta 'ya'ya a zafin Kano, wannan ma ya sa Isyaku ya ɗauki abin da zafi. Ya hau da ita saman soro, ya yi mata inuwa da tsohuwar tabarma, yana ba ta ruwa safe da yamma. Sai a 2023, bayan sanyi ya wuce, ta yi fure, ta ɗaura 'yan 'ya'ya da ba su cika tafi biyu ba.

Da suka kai girman lemon tsami sai ya fara ganin tsaga a jikinsu, alamar bakin tsuntsu. Ran nan a wurin ciyayya ya ajiye lomar da ya yanko.

"Malam Abdulbaqi, ka ja wa 'yan gidanka kunne."

"Su wa?"

"Tantabarunka. Sun fara mini ɓarna."

Abdulbaqi ya yi dariya har miya ta sarƙe shi. "Tantabara da tuffa? Waɗannan ko gero sai mai kyau suke ci. Ka duba ƙananan tsuntsayen da ke kwana a darbejiyar masallaci, mai gona."

Isyaku bai yi dariya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne saurin amsar, kamar dama an tanade ta.

Turai ta ce ya yanka tsohon gidan sauro ya lulluɓe bishiyar. Ya ƙi. Ya ce ta cikin raga kowa zai ga 'ya'yan, kuma ba bakin tsuntsu kaɗai yake tsoro ba, har da bakin mutane. Sai ya buɗe buhun hulunan da masu su suka kawo wanki shekara da shekaru ba su dawo sun karɓa ba. Ya kifa wa kowace tuffa hula ɗaya, ya tattara bakin ya ɗaure a reshe da zare. Ya ce ba zai buɗe ba sai sun nuna. Bishiyar ta tsaya a saman soro da kube da damanga kamar masu jiran ɗaurin aure.

Tsuntsaye kam sun haƙura. Yana ganin rina tana yawo a wurin, amma bai damu ba, don tun fil azal tana zuwa shan ruwan sitaci.

Bayan wani ruwa da aka yi da iska, ya tarar da hula ɗaya a ƙasa, zarenta a ɗaure yadda ya bar shi. Ya kwance. Tuffar na ciki, amma ɓawo ne kawai, an ƙwaƙule cikin tas ta wata 'yar ƙaramar huda. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Tsuntsu ba ya shiga hula. Hudar kuma daidai tsinin ƙaramin almakashi. Ya ɗaga kai ya dubi katangar da ta raba soronsa da na tela, wadda ko ƙugu ba ta kai ba.

Ran nan bai fitar da kwanonsa ba. Kashegari ma haka. Abdulbaqi ya yi ta sallama a zaure, Isyaku ya sa a ce masa yana hutawa. Da abin ya yi tsawo, Halima matar Abdulbaqi ta faɗa wa Turai cewa maigidanta ya kwashe tantabarunsa kaf ya kai kasuwa ya sayar, don a zauna lafiya. Turai ta kawo labarin da murna.

"Kin gani ko?" in ji Isyaku. "In ba shi da laifi, me zai sa ya sayar?"

"Malam, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan tun yana saurayi yake kiwonsu."

"Shi ya sa na ce kin gani."

Da hula ta biyu ta faɗo da irin wannan ɓarnar, sai ya je da kansa bayan la'asar ya kira Abdulbaqi. Suka hau soron, Turai ta tsaya a matakala. Isyaku ya miƙa masa ɓawon.

"Duba hudar nan da kyau. Ba ta yi maka kama da bakin almakashi ba?"

Abdulbaqi ya dubi ɓawon, ya dubi Isyaku. "Ni? Ni kake cewa na haura katanga na ƙwaƙule maka tuffa? Da furfurata?"

"Ni ban kama suna ba."

"Tela nawa ne a bayan katangar nan, Isyaku?"

Cikin fushi Abdulbaqi ya kai hannu ya fizge babbar hular da ke saman reshe, don ya ga abin da ake ɓoyo haka. Sai rina ta tashi duhu guda. Ashe ta bakin ɗaurin take shiga, ta sami inuwa da abinci wuri ɗaya, har ta gina saƙarta a cikin hular. Ta harbi Abdulbaqi a wuya da hannu, ta sami Isyaku a fatar ido. Suka gangaro matakala suna ture juna, Turai na salati.

A tsakar gida ta yanka albasa tana goga musu. Abdulbaqi ya zauna yana jira. Kalma ɗaya ta ban haƙuri da ta wadatar. Isyaku kuwa, ido ɗaya a kumbure, ya yi ta kallon hular da ta faɗo tare da su, can ya ce, "To amma wa ya nuna musu hanya?"

Abdulbaqi ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita.

Daga baya Isyaku ya fitar da kwanonsa ƙofar gida har sau da dama, amma Abdulbaqi ya koma cin abinci a cikin gida. Suna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. A farkon 2024 Abdulbaqi ya sayar da gidan ya koma Gwale kusa da babban ɗansa. A wannan shekarar, Turai ta ɗinka wa 'ya'yan tuffar 'yan jakunkuna da gidan sauro, suka nuna lafiya, ƙanana masu tsami. Malam Isyaku yana nan a Jakara yana wankin hula, kuma shi kaɗai yake cin tuwonsa a zaure.