Akwatin Hamidu da rabin tiya

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ɗana Hamidu. Sanƙarau ne, kwana huɗu a likita. Ba wannan nake so in rubuta ba. Aikinsa na ƙarshe nake so in ajiye a takarda, tunda da hannuna na iya rubutu, ko da a ajin manya na koya.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ba ta yi ba. Ƙanena Sidi yana da lambu a Timia, itacen lemu da rumman da babanmu ya dasa. Raƙumin da ke ja masa ruwa daga rijiya ya mutu. Ya aiko cewa in wata ya ƙare ba ruwa, itacen sun tafi.

Hamidu ya dawo daga karatu a Yamai, yana gyaran radiyo. Ya samo fampo mai aiki da hasken rana, ya haɗa wani ɗan akwati da zai riƙa tada shi. Cikin akwatin akwai wani rubutu ƙarami na umarni, shi ke fara tashi in wuta ta shigo, sannan ya tada sauran aikin. Wurin da aka ware masa kaɗan ne, lissafi mai birgil kuwa, wato mai ɓarɓashin lamba, ya ƙi shiga. Sai Hamidu ya cire shi, ya bar rabawa da cikakkun lambobi.

"Inna, akwatin nan ajinku ɗaya," ya ce mini. "Shi ma ba a koya masa birgil ba."

Na ce aƙalla ni na san saura.

Ashe nan matsalar take. Akwatin ba ya kula da saura, zubarwa yake yi. Akwai lambar da ke daidaita saurin maganarsa da injin fampon, sai an raba ake samunta. Amsarta takwas ce da fiye da rabi, shi kuwa sai ya ce takwas. Maganar ba ta jituwa, fampo ba ya motsi. Kwana uku yana tsakar gida da wayoyi, direban motar Timia yana leƙowa yana tambaya.

Rana ta huɗu ina awon gero, ya yi mini bayani don ya huce. Na ce mu in tiya ta wuce rabi, ɗaya muke kiranta.

"Bai san wuce rabi ba, Inna."

"To zuba masa rabin tiya tun kafin ya fara awo. In sauran ya kai rabi, za ta cika. In bai kai ba, ba abin da ya ƙaru."

Ya dube ni. Ya ce hakan yana cikin littattafansu, shi ne ya manta. Ya ƙara rabin abin rabawar kafin a raba, takwas ta koma tara. Kafin la'asar fampon yana tofa ruwa cikin bahon wankina. Da safe aka sa shi a mota.

Yau sojoji ne kuma a kan mulki, ruwan sama yana zuwa yadda ya ga dama. Irin akwatin nan ana saye a kasuwa a haɗe, ba mai buɗe shi. Ban san me Hamidu zai ce ba. Ina jin zai buɗe ɗaya ya duba yadda yake yi da saura.

Nasa akwatin ya yi shekara tara, tsawa ta ƙone shi, Sidi ya sa na kasuwa. Kayan aikinsa ƙannensa sun raba. Abin da ya rage itacen ne, ba wanda ya bushe a wancan farin.

Makon jiya Sidi ya aiko da rumman goma sha bakwai, a raba tsakanina da Rabi, matar Hamidu. Takwas da rabi ke nan. Na aika mata tara.